Zoben Tumbi: Abin da Hoton "Da" da "Yanzu" Ba Ya Faɗa

Duk mai yawo a intanet ya san irin hoton nan da ake raba shi gida biyu. A hagu ga mutum cikin ƙatuwar riga, fuska a murtuke, hasken ɗakin ma kamar da gangan aka rage shi. A dama kuma shi ne dai, amma jiki ya sauka, yana dariya, wani lokaci har ya zura ƙafafunsa biyu cikin ƙafa ɗaya ta tsohon wandonsa don a ga bambanci. A ƙasa sai a rubuta kilo nawa ya zubar, da 'yan kalmomi cewa rayuwarsa ta canja.

Da irin wannan shaida aka tallata tiyatar zoben tumbi a Amurka da Turai da Ostireliya na tsawon shekaru fiye da goma. Kuma tallar ta ci. Ƙiyasin ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka ya nuna cewa a 2011, sama da kashi ɗaya cikin uku na duk tiyatar rage ƙiba da aka yi a ƙasar ta zobe ce. Zuwa 2019 ta faɗo kusan kashi 1 cikin 100. Likitoci da yawa yanzu cire zoben suke yi fiye da saka shi.

To me ya faru? Masu ba da shaidar ƙarya suka yi? A'a. Mafi yawansu gaskiyar abin da suka gani a jikinsu suka faɗa, kuma wannan ne ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da nake son nunawa shi ne, shaida tana iya zama gaskiya kalma bayan kalma, amma ta ɓatar da mai saurare, idan an ɗauke ta da wuri, daga bakin waɗanda aka zaɓa, kuma aka tsara ta yadda in abu ya lalace laifin zai koma kan majinyaci. Alƙaluman masu bincike su ma suna da inda suka gaza, za mu zo kansa.

Shi zoben, yaya yake aiki?

Tumbi a nan ina nufin jakar da abinci ke sauka cikinta bayan an haɗiye, ba ƙaton cikin da ake gani daga waje ba. Zoben kuwa wata 'yar ɗamara ce ta silikon, mai kamar balan-balan a gefenta na ciki. Likita zai huda ciki a wurare kaɗan, ya shigar da kyamara da kayan aiki, ya ɗaura zoben a saman tumbi, daf da inda bututun abinci ya haɗu da shi. Sai a sami 'yar ƙaramar jaka a sama, wadda ba ta ɗaukar fiye da babban cokali ɗaya ko biyu. Daga zoben akwai siririn tiyo da ya zo ya haɗu da wani ɗan maɓalli da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri, zobe ya matse, ko ya zuƙe ruwan, zobe ya saki.

An ƙirƙiro zoben da ake iya matsewa da sassautawa a tsakiyar shekarun 1980. Likita Lubomyr Kuzmak ya yi nasa a Amurka, wasu likitoci kuma suka yi irinsa a Suwidin. A 1993 wani likita ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, ya saka shi ta hanyar ƙananan huji a garin Huy na ƙasar Beljiyam. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da samfurin Lap-Band a 2001.

Abubuwan da aka riƙa yabon zoben da su duk gaskiya ne. Ba a yanke tumbi, ba a taɓa hanji, ana iya cire shi, kuma mutuwa a lokacin tiyatar kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da manyan tiyatocin ƙiba na wancan zamani. Wa zai ƙi?

Sai dai akwai wani bayani da talla ba ta cika tsayawa a kansa ba. Mutane da yawa sun ɗauka abinci zama yake yi a 'yar jakar nan har mutum ya ji ta cika. Binciken da aka yi a Melbourne ta Ostireliya ya nuna cewa idan zobe ya daidaita, kowace loma matsa ta ake yi ta wuce cikin ɗan lokaci, kuma wannan matsin ne ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Ke nan dole loma ta zama ƙarama, a tauna ta sosai, a jira ta wuce kafin a ƙara wata. Dole kuma a riƙa komawa asibiti ana gyara matsin zoben, sau da yawa a shekarar farko, sannan lokaci-lokaci muddin yana jiki. In ya yi sako-sako, yunwa ta dawo. In ya matse da yawa, sai amai da ƙwannafi. Mai karatu ya riƙe wannan, don duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso.

Allunan tallan Kalifoniya

Misali mafi muni na yadda aka yi amfani da shaidar marasa lafiya ya faru ne a kudancin jihar Kalifoniya. Daga wajajen 2009, manyan tituna suka cika da allunan talla ɗauke da hotunan mutanen da suka rage jiki, da wata lambar waya, 1-800-GET-THIN, wadda haruffanta ke nufin "zama siriri". Jaridar Los Angeles Times ta ba da rahoton mutuwar mutum biyar tsakanin 2009 da 2011 bayan an sa musu zobe a asibitocin da ke da alaƙa da wannan talla. A Disambar 2011 hukumar FDA ta aika takardun gargaɗi ga kamfanin tallar da wasu cibiyoyin tiyata takwas, cewa tallarsu ba ta bayyana haɗarin da ke cikin aikin yadda ya kamata. Daga baya, a 2021, kotu ta sami Julian Omidi, ɗaya daga cikin masu wannan harka, da laifin damfarar kamfanonin inshora ta hanyar jabun sakamakon gwajin barci, wanda ake amfani da shi don inshora ta yarda ta biya kuɗin tiyata. An yanke masa ɗaurin shekara bakwai a 2023.

Wannan ɓarna ce a fili, kowa zai yi tir da ita. Amma da a ce matsalar ta tsaya kan 'yan damfara, da da sauƙi. Shaidar da asibiti mai mutunci ya wallafa, daga bakin majinyaci mai gaskiya, ita ma tana ɗauke da aibi uku.

Aibi na farko: an tambaye su da wuri

Nauyi yana sauka ne a shekara biyu zuwa ukun farko bayan saka zobe. A wannan lokacin ake ɗaukar hoto, a wannan lokacin ake neman shaida. Matsalolin zoben kuwa ba sa gaggawa. Tumbi na iya zamewa ya turo ta cikin zoben. Zoben na iya cin bangon tumbi a hankali har ya shige ciki. Tiyo na iya tsinkewa ko ya riƙa yoyo, maɓallin ƙarƙashin fata na iya kifewa ko ya kamu da ƙwayoyin cuta. Bututun abinci na iya buɗewa saboda shekarun da ya yi yana tura abinci ta ƙaramar ƙofa. Wasu cikin waɗannan sai bayan shekara biyar ko goma suke bayyana.

A 2011 likita Jacques Himpens da abokan aikinsa a birnin Brussels na Beljiyam suka wallafa wani bincike a mujallar Archives of Surgery. Sun koma neman mutum 151 da aka sa wa zobe tsakanin 1994 da 1997, suka sami 82. Bayan shekara 12 ko fiye, kusan rabinsu an cire musu zoben. Kashi 28 cikin 100 zoben ya ci bangon tumbinsu. Kusan kashi 60 cikin 100 sai da aka sake yi musu wata tiyatar.

Ga kuma wani lissafin daga Amurka. A 2017 Andrew Ibrahim da abokan aikinsa suka duba bayanan Medicare, shirin inshorar gwamnati na tsofaffi da naƙasassu, suka wallafa a JAMA Surgery. Cikin mutum 25,042 da aka sa wa zobe tsakanin 2006 da 2013, kashi 18.5 cikin 100 an sake yi musu aiki. Shirin ya kashe dala miliyan 470 kan zoben a waɗannan shekaru, kuma dala miliyan 224 daga ciki, wato kusan rabi, sun tafi ne wajen gyara ko sauya ko cire shi.

Hatta shahararrun mutanen da aka riƙa buga misali da su, labarinsu bai tsaya inda jarida ta fara tsayar da shi ba. Sharon Osbourne, tauraruwar talabijin 'yar Birtaniya, an sa mata zobe a 1999, ta sa aka cire shi a 2006, daga baya kuma ta bayyana yadda ta sha fama da amai. Rex Ryan, lokacin yana kocin ƙwallon Amurka, an sa masa a 2010, ya rage jiki sosai, aka cire a 2016. Wanda ya karanta labarinsu a shekara ta biyu da wanda ya karanta a ta bakwai, kamar mutane daban aka ba su labari. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Na'urar da za ta zauna a jikin mutum har tsufansa, da me za a yabe ta a wata na goma sha takwas?

Aibi na biyu: wa ke magana, wa ya yi shiru?

Asibiti ne ke zaɓen wanda za a sa hotonsa. Babu mai neman wadda nauyinta ya dawo ya ce ta zo a ɗauke ta. Ita ma ɗin ba za ta zo ba, don sau da yawa kunya ta hana ta komawa wajen likitan ma. Ka lura da binciken Brussels ɗin can: mutum 69 cikin 151 ba a same su ba. Idan likitocin da suka yi aikin da hannunsu, suna riƙe da sunaye da fayil, ba su kai ga kusan rabin mutanensu ba, ina ga mai haɗa talla?

Shirun kuma ta gefe biyu yake zuwa. A ƙasashen da ake wannan tiyata, akwai tsangwama cewa wanda ya rage ƙiba da wuƙar likita ya bi gajeriyar hanya, rago ne. Fern Britton, mai gabatar da shiri a talabijin ɗin Birtaniya, ta yi kusan shekara biyu da zobe ba ta faɗa ba, kuma da maganar ta fito a 2008 jaridu suka yi mata ca. Chris Christie, lokacin yana gwamnan jihar New Jersey, an yi masa aikin a Fabrairun 2013 a asirce, sai a watan Mayu aka sani. Ka ga ke nan wanda ya dace yana ɓoye cewa tiyata ya yi, wanda bai dace ba yana ɓoye cewa tiyatar ta gaza. Waɗanda suka rage a fili su ne 'yan kaɗan da suka dace kuma suka yarda a ɗauki hotonsu. Daga bakin waɗannan ne mai neman shawara ke gina tunaninsa kan abin da zai same shi.

Aibi na uku: in ta yi kyau zobe ne, in ta ɓaci kai ne

Akwai wata magana da kusan kowace shaida ke maimaitawa, wai zobe kayan aiki ne kawai, sauran ya rage naka. A kunne tana da daɗi, kamar nasiha. Amma duba abin da take yi. Idan nauyi ya sauka, an gode wa zobe. Idan bai sauka ba, majinyaci ne bai bi doka ba. Da'awar da aka gina haka babu sakamakon da zai iya ƙaryata ta, kuma duk ɗalibin kimiyya ya san cewa irin wannan da'awa abar tuhuma ce.

Mu dubi abin da ke faruwa a jiki. Idan zobe ya matse da yawa, abincin da ya fi tsayawa shi ne nama, burodi, shinkafa da ɗanyen ganye. Wanda ke wucewa salin-alin kuwa shi ne ayis kirim, cakulan, madara da lemon kwalba. Kamar dai a ce tuwo da nama sun gagara amma kunu mai suga yana shiga ba wahala. Mutumin da duk lokacin da ya ci nama sai ya ji kamar an soke shi a ƙirji, ya tashi ya yi amai, a hankali zai koma ga abin da ba ya ba shi ciwo. Abin da ba ya ba shi ciwon kuma shi ne mai sa ƙiba. Sai nauyi ya dawo, sai a ce ya ha'inci zoben. Alhali zoben ne da kansa ya koya masa wannan cin.

Sannan jiki ba ya son rasa nauyi. Wani bincike da Priya Sumithran da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya nuna cewa shekara guda bayan mutane sun rage nauyi ta hanyar takaita abinci, sinadaran jini masu sa yunwa suna nan sama da yadda suke a da, masu sa ƙoshi kuma suna ƙasa. Ɗaya daga cikin masu sa yunwar shi ne girelin, wanda akasarinsa a saman tumbi ake yin sa. Tiyatar da ake yanke mafi yawan tumbi a cire tana tafiya da wannan ɓangare. Tiyatar da ake karkatar da hanyar abinci zuwa hanji kuma tana ƙara sinadaran ƙoshi da hanji ke fitarwa. Zobe ba ya yin ko ɗaya cikin biyun. Don haka idan yunwa ta dawo wa mai zobe, bayaninta yana cikin jininsa kafin a je ga halinsa.

Inda alƙaluma su ma suka kurumce

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a yi watsi da maganar marasa lafiya a kama lissafi. Lissafin ma yana da nasa rufa-rufar.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a wannan fage shi ne kashi nawa na rarar nauyi mutum ya zubar. Bari mu gwada. Mutum mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120. Nauyin da ake ɗauka daidai ne gare shi bai wuce kilo 72 ba, rararsa ke nan kilo 48. In aka ce ya zubar da kashi 47 cikin 100 na rarar, ana nufin kilo 23 ko kusa da haka. Ya koma kilo 97. Wannan ci gaba ne na gaske ga gwiwoyinsa da hawan jininsa, amma a ma'aunin likita har yanzu mai ƙiba ne. Shi kuwa da ya ji "kusan rabi", hoton dama na allon talla ya hango.

Ga abin da ya fi wannan jan hankali. A binciken Brussels ɗin nan, duk da yawan sake tiyata da cire zobe, kusan kashi 60 cikin 100 sun ce sun gamsu. Mai talla zai ɗauki wannan ya ce kun gani ko. Mai suka zai ce mutanen ba su san ciwon kansu ba. Ni a ganina duka biyun sun yi gaggawa. Wanda ya shekara ashirin ana masa kallon raini a mota da wurin aiki, ya gwada kowane irin tsarin abinci ya kasa, yana iya ganin kilo ashirin da ya rabu da su sun fi ƙarfin aman da yake yi. Hukuncinsa ne, kuma yana da haƙƙin yanke shi. Amma kalmar "na gamsu" ita kaɗai ba ta gaya wa na bayansa kuɗin da aka biya.

Binciken da ake zama a yi doguwar hira da marasa lafiya ne ke fito da wannan. A 2017 Karen Coulman da abokan aikinta a Jami'ar Bristol suka tattara irin waɗannan bincike kan tiyatar ƙiba, suka ga abubuwa uku na ta maimaituwa: neman iko a kan ci da nauyi, son zama kamar kowa, da kuma zuciya biyu, wato murna da damuwa a haɗe a bakin mutum ɗaya. Zuciya biyun nan ita ce hoton "da" da "yanzu" ba shi da wurin sa ta.

Masu zobe har kalmomi suka ƙirƙiro a tsakaninsu don abubuwan da ke samun su: kalma don tsayawar loma a ƙirji, kalma don yawu mai kauri da ke taruwa kafin abincin ya dawo, kalma don dawowar abincin da bai ma kai tumbi ba. Akwai masu neman inda banɗaki yake kafin su zauna a wurin cin abinci, akwai waɗanda da safe ko ruwa da ƙyar yake wucewa, akwai waɗanda ƙwannafi ke tada su da tari cikin dare. Sikeli ba ya auna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ya daɗe yana faɗa. Talla ta ɗauki rabin maganarsa mai daɗi, teburin lissafi kuma ya ɗauki kilo ya bar saura.

A yi wa zoben adalci

Zoben ya yi wa wasu aiki, kuma akwai hujja mai ƙarfi a kan haka. A 2008 John Dixon da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar JAMA gwajin da suka yi da mutum 60 masu ƙiba waɗanda ba su wuce shekara biyu da gano suna da ciwon suga ba. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara biyu, ciwon ya lafa a kashi 73 cikin 100 na masu zobe, a kashi 13 kacal na waɗanda suka tsaya kan magani da gyaran abinci. A 2013 kuma Paul O'Brien na Jami'ar Monash ya ba da rahoton mutum 3,227 da aka sa wa zobe a Melbourne, babu wanda ya mutu sanadin tiyatar, kuma waɗanda suka kai shekara 15 sun riƙe raguwar kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu. Gaskiya ne kuma cewa mutanen Brussels da tsohuwar dabara aka yi musu aiki, wadda daga baya aka gyara don rage zamewar tumbi.

Amma a karanta wannan da sharuɗɗansa. Waɗanda suka kai shekara 15 ɗin su 54 ne, don yawancin sauran daga baya aka yi musu aiki. Cibiyar Melbourne ta gina tsari na musamman na bibiyar marasa lafiya har tsawon rayuwa, abin da asibitin allon talla bai damu da shi ba. Kuma jami'ar ta karɓi tallafin bincike daga Allergan, kamfanin da ke sayar da Lap-Band a lokacin, kamar yadda masu binciken suka bayyana da kansu. Wannan bai ɓata sakamakon ba, amma haƙƙin mai karatu ne ya sani. Abin da Melbourne ta nuna shi ne abin da zobe zai iya yi a hannun ƙwararru masu bibiya. Abin da aka sayar wa jama'a kuwa zoben ne kawai, ba tare da bibiyar ba.

Hukunci mafi ƙarfi ya zo a makare. A 2025 aka wallafa sakamakon gwajin By-Band-Sleeve na Birtaniya, inda aka raba mutum sama da 1,300 ta ƙuri'a tsakanin tiyatoci uku. Bayan shekara uku, waɗanda suka zubar da aƙalla rabin rarar nauyinsu sun kai kashi 68 cikin 100 a tiyatar karkatar da hanyar abinci, kashi 41 a ta yanke tumbi, kashi 25 a zobe. Abin yabo a wannan gwaji shi ne bai tsaya kan kilo ba, ya tambayi mutanen yadda suke jin rayuwarsu, ya sa amsar a sahun gaba na abin da ake aunawa. A nan ma zobe ne na ƙarshe. Amma ka duba tazarar: shekara 32 bayan aikin Belachew, shekara 24 bayan amincewar FDA. A tsakani, a 2011, hukumar ta ma faɗaɗa izinin zoben zuwa masu ƙiba mara tsanani idan suna da wata cuta mai alaƙa da ita, kuma a 2013 Allergan ya sayar da harkar ya fita.

Tambayoyin da za ka yi wa kowace shaida

Zoben ya kusa zama tarihi, amma salon tallarsa yana nan da ransa. Hoton da aka raba biyu yanzu ya koma kan allurar rage ƙiba irin su Wegovy da Ozempic. Magunguna ne masu hujja mai ƙarfi, duk da haka bincike ya nuna cewa shekara guda bayan daina allurar, mutane sun maido da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar. Wannan ma ba ya cikin hoton.

Don haka in ka ci karo da shaida, ta tiyata ce ko ta allura ko ta shayin rage tumbi, ka yi mata tambayoyi huɗu. Yaushe aka ɗauke ta, wata shida bayan aiki ko shekara goma? Mutum nawa aka yi wa aikin, nawa ne ke magana, ina sauran? Wa ya zaɓi mai maganar, kuma me zai samu in ka yarda? Idan abin bai yi aiki ba, laifin wa za a ce? Ga likita kuma, ka tambaye shi mutum nawa cikin nasa marasa lafiyar aka sake yi wa tiyata, kuma wa zai riƙa duba ka bayan shekara biyar. Tambayar ƙarshen nan ta fi nauyi ga masu tafiya wata ƙasa neman tiyata su dawo gida, inda ba lalle ne a sami mai allurar da ta dace da maɓallin ba, balle wanda ya saba gyara matsin zobe.

Wanda kuma yake da zobe a jikinsa yanzu yana zaune lafiya da shi, babu dalilin firgita, sai dai kada ya daina zuwa a duba shi. Amma amai kullum, ƙwannafi ko tari cikin dare, ja ko kumburi a wurin maɓallin, ko dawowar yunwa farat ɗaya, duk dalilai ne na ganin likita, ba abin kunya ba ne da za a zauna da shi a gida. In kuwa ta kai ko ruwa ba ya wucewa, ko ciwo mai tsanani ya taso a ciki ko ƙirji, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti a ranar.